Sakan Goma na Muryar Innarku

Wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na ba ku labarin yarintata a Gummi, na ba ku na shagon gyaran rediyo da na buɗe a Anka, har na ɓata takarda shafi huɗu a kan jakin Baffana da ya ƙi haye gada, duk don kada in iso nan. Yanzu ido ya fara gaza ni, likita ya ce hasken na dama ba zai dawo ba, don haka gara in rubuta tun ina ganin layi. Rabi, Shehu, Nana, abin da na faɗa muku game da muryar Innarku ƙarya ne. 'Yan bindiga ba su ƙwace ta a hanyar Gummi ba. Ni na ɓatar da ita, a cikin gidana, da hannuna, da hantsi, kuma a lokacin murna nake yi ina ganin na yi gwaninta.

Dole in fara bayyana muku aikin, domin in ba ku gane shi ba, ba za ku gane laifin ba, kuma ba na so ku rage mini komai daga cikinsa. A shekarun da gubar dalma ta riƙa kwashe yara a Bagega da Tungar Guru, baƙin ma'aikatan lafiya sun cika Anka. Kayansu na lalacewa, ana kawo mini shago. Ɗaya daga cikinsu, wani dogon mutum mai shan shayi ba sukari, ya lura ina da shisshigi, sai ya riƙa zaunar da ni gaban kwamfutarsa. Ba irin wadda kuka saba gani ba ce mai hotuna ana dannawa. Baƙin allo ne kawai, ka rubuta umarni, ka buga, ta aikata. Da zai tafi ya bar mini tsohuwar tasa da littafi guda. Na haura arba'in a lokacin, gemuna ya fara furfura, amma na duƙufa kamar sabon ɗan makaranta. Innarku takan leƙo ta ce ba ta taɓa ganin mutum yana gardama da allo ba, kuma allon na cin nasara.

Abin da ya fi shiga raina a cikin aikin shi ne abin da suke kira bututu. Sanda ɗaya ce a tsaye kake rubutawa tsakanin manhaja biyu, sai abin da ta farko ta fitar ya zuba kai tsaye cikin ta biyu, kamar yadda mai lambu ke jan ruwa daga injin zuwa kwami. Kowace manhaja aiki ɗaya ta iya, kai ne kake jera su. Da na ƙware kaɗan na rubuta tawa, na sa mata suna Tace. Mutane na kawo mini tsofaffin kaset na wa'azi da na biki in mayar musu cikin waya. Tace ita ke karanta sautin, ta cire masa wannan shuuu ɗin da tsohon kaset ke yi, ta zuba cikin bututu. Ta biyun, wadda ba ni na rubuta ba, ita ke karɓa ta matse sautin ta ajiye shi. Har daga Bukkuyum ana aiko mini da kaset a cikin leda, kuma ba zan ɓoye muku ba, kaina ya ɗan kumbura.

Akwai wani abu a tsarin bututun nan. Idan mai karɓa ya tashi ya rufe bakinsa alhali mai zubawa bai gama ba, kwamfuta takan aika wa mai zubawa sigina cewa bututu ya yanke, kuma siginar nan take take kashe shi. Ni kuwa in aka kawo kaset ba na sauraren shi duka. Na sa wa mai karɓa iyaka: ɗauki sakan goma na farko ka rufe, in ji ko sauti ya fita. Duk lokacin da na yi haka, sai Tace ta mutu a tsakiyar aiki, allo ya fito da layukan ƙorafi masu muni. Na san ba wata matsala ba ce, ni na rufe bututun da gangan. Amma abin na ba ni haushi, musamman in mai kaset na tsaye a kaina yana tambaya ko injin ya lalace. Na yi ta cewa zan gyara, ban gyara ba, shekara da shekaru.

Yanzu Innarku. Kun san ta, amma Nana tana ƙarama, bari in faɗa saboda ita. Dije ɗiyar Fulani ce daga wata ruga a ƙasar Bukkuyum, kuma ta zo gidana da kunyarta cikakkiya. Ba ta taɓa cin abinci a gabana ba sai da ciwo ya kwantar da ita. Ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ba ta kuma taɓa faɗin sunan 'yarta ta fari ba, kamar yadda uwarta ba ta faɗi na yayanta ba. Rabi, shekara ashirin da shida kina amsa "wagga", wato "wannan". Kowa a garin nan ya san al'adar, ba wanda ke ganin komai a ciki, amma ke tun kina ƙarama abin na cin ki. Ina zaune ina gyaran wata rediyo a tsakar gida ranar da kika tsaya gabanta da hawaye.

"Inna, don mi kika kiran Shehu da sunanai, ni ba ki kirana?"

Ba ta ɗago daga tankaɗen da take yi ba.

"Tashi ki ɗebo ruwa, wagga."

Kika ɗauki bokiti kika fita. Abin da ba ki gani ba, bayan fitarki ta ajiye rariyar ta daɗe tana kallon ƙofa.

Ciwon ya fara da kumburin ƙafa. Muka je asibiti a nan, aka tura mu gaba, aka ce ƙoda ce. Ba zan ce muku dalma ce ba, don ba likitan da ya faɗa mini haka, ko da yake ta yi watanni a Bagega tana jinyar 'ya'yan ƙaninta a gidan da ake niƙa dutsen zinariya. Muka dawo gida da magani a leda da maganar da ba wanda ya furta. Ita ta riga ni sani. Rabi na ɗakinta a Gummi, Shehu na makaranta a birni, Nana ce kaɗai a gida, ita ma tana fita da safe. Wata rana na kawo aiki gida don in zauna kusa da ita, ina juya kaset ɗin wani malami da ya daɗe da rasuwa. Tana kwance a tabarma tana saurare.

"Malam, wanga abu naka, shina riƙe muryar wanda yam mutu?"

"Shina riƙewa."

"Har yaushe?"

"Har sai an gaji da ji."

Ta juyo ta dube ni.

"To ka ba ni shi."

Ina da 'yar rakoda da nake zuwa da ita wurin biki da wa'azi, mai ƙaramin kati a ciki. Na nuna mata jan maɓalli. Sai ta kafa mini sharuɗɗa, kuma in kun san Innarku kun san ba shawara take nema ba. Da hantsi za ta yi, in gida ya yi tsit, ni kuma in koma zaure. Ba zan saurara ba sai an binne ta an yi arba'in, sannan ku za ku fara ji, ba ni ba. Kada kuma maganarta ta kwana a cikin rakoda, tunda rakodar na yawo gidajen mutane. Na ce mata ai dole in ɗan ji, in tabbatar sauti ya kama, kada ta yi ta magana a banza.

"Sallama kaɗai," ta ce. "In ka ji sallama ta hito, ka kashe. Ka yi mani alkawali."

Na yi mata.

Na zauna na rubuta jerin umarni da zai riƙa yin aikin kullum ba tare da na sa kunne ba. Tace ta karanta katin, ta zuba a bututu, mai karɓa ya matse ya ajiye a filashi, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta. Na ƙara wani tsaro da nake alfahari da shi: ba za a goge katin ba sai Tace ta ba da rahoton cewa ta gama lafiya. Layin bututun kuwa ban sake rubuta shi ba, na kwafo shi daga wanda nake amfani da shi kullum. Wanda nake amfani da shi kullum shi ne na gwaji, mai iyakar sakan goma. Layi ne dogo, iyakar tana can ƙarshensa, idona ya saba da ita har ya daina ganin ta.

Ranar farko ta yi kusan awa guda tana magana. Na shiga na karɓi rakoda, na haɗa, na buga umarni. Tace ta mutu. Ƙorafin nan da na sani ya fito, bututu ya yanke, aka ƙi goge katin. 'Ya'yana, ku tsaya a nan ku duba da kyau, domin ni na tsaya a nan fiye da sau dubu. Injin ya faɗa mini gaskiya. Tsaron da na sa ya yi aikinsa. Maganar Innarku tana nan cikakkiya a kati, ba abin da ya taɓa ta. Da na karanta layin nan sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, da yau ba na rubuta wannan babin. Amma ban karanta ba. Na ga saƙon da ya daɗe yana ba ni haushi, na ce yau dai sai na yi maganinsa. A gajiye nake, na kwana biyu ina wanke kwanon amai, kuma ina son abu ɗaya a gidan nan ya tafi daidai ba tare da ƙorafi ba.

Na tuna dogon mutumin nan ya taɓa ce mini manhaja mai ladabi ba ta ihu don mai sauraro ya tashi. Na kuma tuna mahaifina a zaurensa na Gummi. In yana ba da karatu ɗalibi ya miƙe zai fita, ba ya tsawa, ba ya tambaya, sai ya rufe littafin a tsakiyar jimla ya ɗauki tasbaha. Tun ina yaro nake ganin wannan shi ne ƙarshen dattaku. Sai na ce Tace ma haka za ta zama. Na koya mata ta tare siginar kafin ta kashe ta, ta daina zubawa, ta yi shiru, ta fita ta ce an gama lafiya. Layi huɗu ne. Na sake buga umarni. Allo ya yi fes, ba ƙorafi ko ɗaya. Katin ya goge. Na kunna abin da aka ajiye, na ji ta ce assalamu alaikum, murya tas kamar tana gefena, na kashe kamar yadda na yi alkawari. Na shiga ɗaki ina washe baki.

"An gama?"

"An gama. Kwamfutar ko tari ba ta yi ba."

Ta yi dariya, ta ce ashe yau ni na ci allon.

Safiya ashirin da bakwai muka yi haka, ba a jere ba, sai ranar da jiki ya yarda. Ina zaune a zaure ina jin gunjin muryarta ta bango, ba na rarrabe kalma. Wani lokaci in ji tana dariya ita kaɗai. Wani lokaci in ji tana rera waƙar da ake yi wa shanu da Fillanci, na tabbata wannan ta Nana ce. Wani lokaci shiru ya yi tsawo har in miƙe, sai in ji ta ci gaba. In ta gama ta buga kwano da cokali, in shiga, ta faɗa mini ta wane ce, in rubuta sunan a jikin ajiyar. Kullum in ji sallama in kashe. Alamomi sun zo mini, ba zan ce ba su zo ba. Maganar awa guda takan gama juyawa kafin in ajiye kofin shayi, alhali kaset yakan ɗauki lokaci. Na lura. Na ce a raina katin ya fi kaset sauri, kuma Tace ta ƙara kyau tun da na gyara ta. Girman ajiyar kuwa ban taɓa dubawa ba, sunaye kawai nake kallo suna ƙaruwa, ina jin daɗi.

Safiya ta goma sha tara ta fi kowace tsawo. Da ta buga kwano na shiga, na tarar idonta ya yi ja, tana riƙe da rakodar da hannu biyu.

"Yau na hwaɗi shi."

"Mi?"

"Sunan. Sau ukku." Ta shafa leɓenta da bayan hannu. "Ka gani, bakina bai ƙone ba."

Na ce Allah ya yi albarka.

"Ka ba ta da hannunka. Kada ka aika kowa."

Na karɓa na fita, na haɗa, na buga umarni. Allo ya yi fes, katin ya goge.

Ta rasu ƙarshen damina, ana yankan gero. Kun san wannan, kuna wurin. Kun kuma san na tara ku bayan jana'iza na ce Innarku ta bar wa kowa magana, sai bayan arba'in. Rabi, na ga fuskarki lokacin. Na san abin da kike fata. Kwana arba'in ɗin nan abin da ya riƙe ni ke nan, ina ganin ko ban iya hana ta tafiya ba, na iya riƙe muku wani abu nata, kuma da sana'ata na riƙe shi.

Washegarin arba'in da safe na sayo kati uku don in raba wa kowa nasa. Na buga umarnin kwafa, kafin in ɗage yatsa ya gama. Wannan karon abin ya tsaya mini a rai. Na nemi jerin ajiyar tare da girmansu, a karo na farko. Ashirin da bakwai, dukansu girma ɗaya, ƙanana kamar hoton katin zaɓe. Na kunna ta farko, ban kashe ba.

"Assalamu alaikum. Bismillahi. Malam, shina ɗauka? To. Shehu, ɗana, ka zauna ka ji…"

Shi ke nan. Na ɗauka lasifika ce. Na sake kunnawa, ta tsaya a wuri guda. Na kunna ta biyu, ta uku, ta goma. Sallama, gyaran murya, rabin jimla. A ta bakwai ta ce "Nana, ɓingel am," wato ɗiyata da harshensu, ta fara dariya, dariyar ta yanke. Na buɗe jerin umarnin na karanta layin nan daga farko zuwa ƙarshe, abin da ban yi ba wata huɗu da suka wuce. Iyakar tana nan a ƙarshensa, ba ta ɓuya ba. Ban yi kuka ba a lokacin. Na fita tsakar gida na zauna a kan turmi, rana na dukana, har aka kira azahar ban tashi ba.

Kwana tara na yi ina tonon katin rakodar da duk dabarar da na sani da wadda ban sani ba. Amma kullum sabuwar magana na hawa kan tsohuwa, kuma bayan rasuwarta na ba da aron rakodar an je biki da ita sau biyu. Abin da na tono kiɗan kalangu ne da guɗa. Shehu na bugo waya, ina cewa ana shiri. A rana ta goma na ɓoye kwamfutar da filashin a saman silin shago, na hau mashin na nufi Gummi hannu wofi. Niyyata in faɗi gaskiya, Allah shi ne shaida. Duk hanya ina jera maganar a bakina. Ba wanda ya tare ni, ko akuya ba ta gitta ba. Na yi sallama a ƙofar gidanku, Rabi, kika fito da sauri ba ko takalmi, kika gaishe ni, idonki na kan hannuwana. Kika ga ba jaka. Sai na ji bakina na cewa an tare mu a hanya, sun karɓe jakar da duk abin da ke ciki. A makon an tare mutane da gaske a hanyar, don haka ba wanda zai yi shakka. Na shirya wa kukanki, na shirya wa fushinki. Abin da kika yi shi ne kika kama hannuna kina juya shi.

"Ba su taɓa ka ba, Baba?"

"Ba su taɓa ni ba."

"Alhamdu lillahi. Tunda kai ka tsira."

Kika kawo mini ruwa da fura. Sai da na sha kika zauna nesa kaɗan, kika yi tambayar a hankali, kina kallon ƙasa.

"Kai ka ji mi tac ce?"

"Ban ji ba."

Wannan kaɗai ce gaskiyar da na faɗa miki a ranar. Ina iya ce miki ta faɗi sunanki sau uku, ita ta gaya mini da bakinta. Ban faɗa ba. Na ji tsoro in na buɗe wannan ƙofar sauran za su biyo.

Shekara takwas ke nan, kuma na ga abin da ƙaryar ta ci. Shehu, shekara biyu kana bin kasuwanni kana buɗe tsofaffin kwamfutoci, kana neman tawa mai tsagewa a kusurwar hagu, kana bugo mini waya daga garuruwan da bai kamata ka je ba. Ina ce maka ka haƙura, ita kuwa tana saman kaina a shago, ƙura na hawa. Rabi, na ji ki da kunnena bayan sallah kina kai ƙarar mutanen nan wurin Allah a kan muryar uwarki. Suna da laifuffukan da suka ishe su, amma wannan ba nasu ba ne, kuma duk lokacin da kika ɗaga hannu na san inda addu'ar ta dace ta sauka. Nana, ke kika ce mini bara, muna cin abinci, ba ki ƙara tuna yadda muryar Inna take ba, kina tuna fuska amma ba sauti. Na ce miki haka rayuwa take. Muryar tana nan, tafiyar minti biyar daga inda muke zaune, na bar ki kika girma ba ita don kada a gane ni. Wannan ya fi mini na farkon nauyi. Kuskuren layi kuskure ne, kowane mai aiki na yin irinsa. Shirun shekara takwas ba kuskure ba ne.

Daga baya na gyara Tace, ban san don wa ba, tunda na daina karɓar kaset tun daga shekarar. Gyaran bai kai layi biyu ba. Ashe dogon mutumin gaskiya ya faɗa, ni ne na ji rabi. In bututu ya yanke, daidai ne manhaja ta tare siginar, ta daina zubawa, ta rufe abin da ta buɗe, ta fita ba hayaniya. Amma a bakin ƙofa sai ta bar rahoton cewa ba ta gama ba, don wanda ke biye da ita ya san kada ya goge komai. Mahaifina ma da yake rufe littafi shiru, ai yakan sa tsinke a shafin, kuma bai taɓa ce wa kowa an sauke ba. Ni tsinken ne ban gani ba. Na sa ta yi shiru, na kuma sa ta ce lafiya. Da abin ya zo kaina ni ma haka na yi muku, kuma ba layi biyun da za su gyara wannan.

Ba gafara nake nema da wannan rubutu ba. In kun ba ni, ban san inda zan ajiye ta ba. Abin da nake so ku sani shi ne inda kayan suke. Na sauko da filashin daga silin, na kwafe shi wuri uku, na duba girman kowanne, na saurari kowanne har ƙarshe. Suna cikin gwangwanin da Innarku ke ajiye zare da allura, na naɗe su a kallabinta mai ruwan ƙasa, a ƙasan akwatina. Duka-duka minti huɗu da rabi ne. Wannan ne abin da ya rage daga safiya ashirin da bakwai na macen da ba ta iya yawan magana ba, ta tara ta shekara talatin, ta zuba ta gaba ɗaya a hannuna. Abin da ta ce wa Shehu ya zauna ya ji, ban sani ba. Abin da ya ba ta dariya a ta Nana, ban sani ba. Ba wanda ya sani a duniyar nan, kuma ba wanda zai sani.

Kowace ɗaya da sallama ta fara. In kun kunna ku amsa mata, ni kullum ina amsawa, tun ranar da na sauko da filashin da ma kafin nan, lokacin da nake rufe shago in hau kujera in ɗauko shi a ɓoye. Nana, ki fara da ta bakwai, za ki ji yadda take dariya.

Rabi, taki ita ce ta goma sha tara. Ta ce in ba ki da hannuna, ban ba ki ba. Bayan sallama ta daɗe ba ta ce komai ba, shirun ya cinye fiye da rabin lokacin. Sannan za ki ji ta ce, "To, wagga… a'a. Bari in hwaɗi daidai." Za ki ji ta ja numfashi. Kada ki jira abin da ke bayansa, 'yata. Na jira miki shi kowace safiya shekara takwas, bai zo ba.